Buhunan Ƙasar da Hammadu Ya Bar Mini

Shekara bakwai ke nan cif da muka kai Dokta Hammadu makwancinsa a Gudu, Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta. Masu karatu ba ku san shi ba, kuma ba laifinku ba ne. Mutum ne da ya yi shekara ashirin da ɗoriya yana aikin gwamnati a Abuja, amma rabin shekarun nan a cikin rami ya yi su. Aikinsa binciken ƙasar noma da ta daji: ya haƙa, ya duba, ya murza a hannu, wani lokacin har ya ɗanɗana.

Shi Bafulatani, ni Babarbare. Tun ranar da muka haɗu a layin motar ma'aikata a Karu ban sake kiran sunansa ba sai "bawana", shi ma haka yake kirana. Duk faɗin Abuja babu wanda nake tsokana da sassafe in wuni cikin nishaɗi sai shi. Yanzu in na saki irin wannan wasa a ofis, yaran sai su ce "sorry, oga" su sunkuyar da kai. Wasan da ba a rama ba kuwa ba shi da daɗi.

Duk ƙarshen damina yakan hau Mambila, wajen garinsu, ya shiga wani kurmi da ke rataye a jikin gangare. Na bi shi sau ɗaya, kuma na tuba. Gangaren nan ko akuya sai ta yi istihara kafin ta hau, ruwa kuwa kwana takwas ake yi a mako. Ina haki kamar tsohuwar tifa, shi ya riga ya shige ramin da ya fi shi tsawo, yana shafa bangon kamar mai lallashin amarya.

"Bawana, leƙo ka ƙaru," in ji shi. "Ka ga wannan baƙar ta sama? Ba ta wuce taƙi ɗaya ba. Ruɓaɓɓen ganye ne na shekaru aru-aru, kuma duk arzikin kurmin nan a cikinta yake. Ta ƙasanta ja ce, mai yumɓu, mai tsami, ruwa ya wanke mata abincin shuka. Ƙasa da ita kuma dutse ne da ya fara ruɓewa."

Na ce masa, "To, ni da na hawo nan don in ga ja da baƙi, wa ya fi ni wauta?"

Ya ce, "Babu. Shi ya sa na gayyato ka."

Mu dai mun san jigawa, mun san dabaro, mun san jangargari da fadama. Su Hammadu kuma, masana ƙasa, suna da wani ƙaton littafi da ya raba ƙasar duniya dangi-dangi, kowacce da sunanta. Ƙasar kurmin nan ta ƙi zama a dangi ɗaya. In ka dubi launinta sai ka ce tsohuwa ce tukuf, in ka dubi kaurinta sai ka ce yarinya ce, domin kafin ta kai ga girma gangaren ya zame da ita, ta sake sabon lale. Burin Hammadu shi ne ya tabbatar da danginta a rubuce, ya kuma nuna cewa in aka sare itatuwan, taƙin nan ɗaya ba zai jure damina uku ba. Sai na'urar awo ta wurin aikinsu ta lalace, sitonsu ya fara yoyo. Ya kwaso buhu goma sha biyu ya jibge mini a gareji a Gudu. Kowane buhu rami ɗaya ne, a cikinsa leda huɗu ko biyar, daga sama zuwa ƙasa, kowacce da katin da ya rubuta da fensir, don biro ba ya jure ruwa. Ya ce wata uku kawai. Kafin wata ukun ya cika ya kwanta ciwo, kwana tara aka yi ya rasu. Iyalinsa suka koma Gembu, buhuna suka zama nawa.

Ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau. A shekara ta uku uwargida ta so shuka attarugu da na'ana'a a bokitai, ƙasar bayan gidanmu kuwa tsakuwa ce zalla. Ni ɗan manomi ne, idona ya san ƙasa mai kyau. Na kwance buhu shida, na zaɓe baƙaƙen ledojin, na bar jajayen. A raina na ce ai ga saura nan da yawa, ba za a ma lura ba. Attarugun ya yi kyau, kowanne kamar kan jariri. Muka ci, muka ba maƙwabta, ina ta ba da labari ana dariya.

Bara na samo Madam Laraba, wata Bagwariya da suka yi aiki tare da Hammadu, yanzu ta yi ritaya. Ta durƙusa a garejin tana jera ledojin a kan siminti, rami-rami. Da ta zo buhu na bakwai sai ta ɗago.

"Oga, ina kan wannan? Wa ya cire masa kai?"

Na soma wasa. Ba ta yi dariya ba. Ta ce ramin da babu ledar sama ba ya karantuwa, domin da saman ake fara gane dangin ƙasa. Na ce ba komai, sai mu hau mu ɗebo wata, ni zan sayi man mota. A gabanta na kira ƙanen Hammadu. Ya ce, "Yaya, wane kurmi? An sare shi tuni. An yi noma damina biyu, ta uku ruwa ya tafi da gonar. Yanzu dutse ne da jar ƙasa, ko shanu ba sa tsayawa." Madam Laraba ta mayar da ledojin ɗaya bayan ɗaya, ta ɗaure bakin buhunan da kanta.

Ashe abin da ya rage na saman ƙasar kurmin nan leda shida ne a garejina, sauran shidan na yi miya da su.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga Abujar yau. Ana yanka duwatsu ana jera gidaje a jikinsu, in an yi ruwa kwatocin Gudu su cika da jan ruwa kamar an yanka raƙumi. Na san zai tsayar da mota ya sa hannu a kwata ya gaya mini daga wane tudu ƙasar ta zo. Na san kuma abin da zai ce game da attarugun. Zai ce laifinsa ne da ya ba Babarbare ajiya. Da zan ji wannan zagin sau ɗaya, da na sami sauƙi. Wanda zai yafe mini ta hanyar zagi shi ne babu.

Na yi yawon ofisoshi da kwafin katunan ina neman wanda zai karɓi buhuna shidan da suka rage lafiya ya ƙarasa aikin. A nan na ga sakamakon halina. Duk inda na shiga na ce ina da ƙasa a buhu, sai a fashe da dariya ana jiran ƙarshen labarin. Mutumin da ya yi shekara talatin yana zuƙi, ranar da ya zo da gaskiya babu mai saye. Shi ya sa na rubuto nan. In akwai ɗalibi ko malami da ya san wannan aiki, ya neme ni ta hannun jaridar nan. Ba wasa nake ba.

Hammadu bai bar gida a Abuja ba, bai bar littafi da sunansa a bango ba, ba a sa wa ko lungu sunansa ba. Abin da ya bari shi ne hujjar cewa an taɓa yin kurmi a jikin wannan gangare, da rubutun fensir mai tsabta da har yau ake karantawa. Maganar da ya so ya tabbatar a takarda, ruwa ya tabbatar da ita a fili, sai dai babu wanda ya rubuta. Allah Ya kai haske kabarinsa, Ya raya abin da ya bari.

Ƙarshen watan nan zan ajiye aiki, za mu bar Gudu mu koma ɗan gidan da na gina a Paikon Kore. Ɗaki biyu ne da falo, babu gareji. Uwargida ta ce ƙasa dai ba za ta bi mu ba, can ma akwai ƙasa. Na ce a ɗakin baƙi zan sa buhunan. Ta ce baƙin fa? Na ce ta lissafa mini waɗanda suka kwana gidanmu tun da yara suka watse. Ta fara lanƙwasa yatsa, ta tsaya a na farko.

Shekaranjiya muka je duba gidan. Ita ta share ɗakin baƙin, ta ce in nemo katako a shimfiɗa saboda danshi. Da za mu fito ta tsaya a bakin ƙofa ta tambaye ni ko a sa labule a tagar. Na ce a sa.