Hoton Inna da Gilashin da Yaya Ya Zaɓo

Ko da zan manta komai a rayuwata, ba zan manta ranar da muka taru ɗaukar hoto da Inna a Bukkuyum ba.

A lokacin ina koyarwa a Gummi, ga ni da son hoto kamar me. Na sayi kyamara ta hannu a wurin wani mai haƙar zinare da zai koma garinsu, amma gilashin gabanta ya fashe. Na yi ta tambayar masu hoto, duk bakinsu ɗaya: in nemi gilashi mai zuƙowa, wanda in ka murɗa shi nan zai kwashe ɗaki gaba ɗaya, in ka murɗa can ya jawo maka abin da ke nesa. Shi za ka shiga gidan suna da shi, shi za ka yi tafiya da shi, ba sai kana ta sauye-sauye ba.

Yayanmu, babban wanmu ke nan, ɗan kasuwa ne a Anka, yana zuwa Kano sari. Na ce ya sayo mini, na yi masa bayani dalla-dalla, har na maimaita. Ya ce, "Haba malam, ni za ka koya ma sayayya?"

Dalilin gaggawar kuwa Inna ce. Tunda nake ban taɓa ganin ta tsaya an ɗauke ta hoto ba. Sai da ciwon ƙafa ya zaunar da ita a ɗaki, ƙannena mata suka yi ta lallashi, sannan ta yarda, da sharaɗi biyu: sau ɗaya ne, kuma kada wanda ya ɗaga mata waya, don ita a ganinta hoton waya yawo yake yi hannu-hannu. Aka sa rana. Ƙanwata ta Adabka ta zo a kan babur, ta Gwashi ma haka, kuma dole su juya kafin la'asar saboda hanya.

Yaya ya iso yana washe baki, ya miƙo mini wani abu dogo kamar taɓarya.

Na ce, "Yaya, ba wanga na ce ba."

Ya ce, "Wanda ka ce ɗan guntu ne, ko kwarjini bai da. Wanga shi ake ɗaukar 'yan ƙwallo da shi. Ka rataya shi ka ga yadda mutane za su ba ka hanya."

Kwarjini! Ni hoto nake nema, shi kwarjini ya sayo mini.

Muka shiga ɗaki. Inna na bakin gado ta yafa mayafinta na zuwa biki, 'ya'yanta sun kewaye ta. Na ɗaura gilashin, na leƙa. Wallahi kunnen Yaya kawai nake gani, shi ma dishi-dishi. Na murɗa iya murɗawa, kunnen ya koma kunne da rabin hula. Na ja baya har na bugi kwanonin jere. Na fita bakin ƙofa. Na ƙara ja zuwa tsakar gida, sai ƙofar ta tsare mini rabin mutanen, ga ɗakin ya yi duhu daga waje.

Yaya kuwa ko a jikinsa, sai umarni yake bayarwa: "Ƙara ja baya! Ai ƙarfi gare shi!"

Inna ta ce, "Kai wanga yaro, hoto za ka ɗauka ko Gummi za ka koma da baya?"

Ina cikin ja da baya, ido a kyamara, na taka igiyar akuya. Akuya ta zabura, ni kuma na zauna daɓas cikin kwatarniyar dusa. Gida ya kaure da dariya. Daga nan zaune, don takaici, na danna sau ɗaya.

Shi ke nan. Inna ta cire mayafi ta ce ƙafarta ta gaji, ta cika alkawari. Muka roƙe ta a ɗauko ta zuwa tsakar gida, ta ce ita ba buhun gero ba ce. Na ce to a bari in yi da waya, ta galla mini harara. Ƙannena suka hau babur suka tafi, ni ko sallama ban iya yi wa Yaya ba.

Da aka wanko hoton, fuskar Inna ce kaɗai ta cika shi, tana dariya har da hawaye, tsagen kumatunta raɗau. Babu ko kafaɗar ɗayanmu.

Damina na zagayowa Allah ya yi mata rasuwa. Ba mu sake haɗuwa mu duka a gabanta ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai, Yaya ya sa an ƙara girman hoton ya rataye a shagonsa. Kowa ya shigo sai ya nuna masa ya ce, "Ni na zaɓo gilashin da ya ɗauki wanga." Hoton kam ya yi kyau, ba ƙarya. Amma ni ba shi na je ɗauka ba.

Tun daga ranar na koyi darasi: abin da za ka yi aiki da shi, je da ƙafarka ka gwada, kuma ka fara tambayar kanka a ina za ka tsaya. Yanzu ina da gilashin da na so tun farko, yana kwashe ɗaki har da kwanonin bango. Ɗakin Inna na nan, gadon ma na nan.