Kawu Haruna da 'Yan Tseren Keke

Ku da kuka zauna unguwar Harra ta Yamma a Madina a wancan zamani kun san Kawu Haruna, yayan mahaifiyata, kun kuma san shi da abu guda: yana da keke amma ba ya hawa. Kullum da hantsi zai ɗaure kwandon dabino a kariya, ya tura abinsa a ƙasa har rumfarsa ta Uhudu. Na taɓa tambayarsa dalili.

Ya ce, "Musa, shekara ashirin yana ɗauke da ni. Kai ka taɓa ɗaukar wani shekara ashirin?"

Mutumin da ya tako daga Damagaram har bakin Bahar Maliya da ƙafa, me za ka gaya masa game da tafiya? In ya ga mai sauri sai ya ce, "Ina za ka da ba a riga ka ba?" Har ladan ya taɓa faɗa wa haka.

Ga shi da riƙon tsohon abu. Wata rana na raka shi wajen wani Bayamane mai faci a Anbariyya. Mutumin ya zaro tiyub, ya ɗaga shi a rana, ya ce, "Ya Hajji, wannan ai babu tiyub a ciki. Faci ne ke riƙe da faci."

Kawu ya ce, "Alhamdu lillahi, ashe ya zama sabo. Ƙara ɗaya."

Amma ranar da ba zan manta ba ita ce ranar ɗaurin aurena a Yanbu. Mahaifina ya rasu, Kawu ne wakilina, kuma surukina Malam Ilyasu mutum ne mai tsare lokaci. Ya ce bayan la'asar, to bayan la'asar. Muka fito da wuri a motata ta ɗaukar kaya, keke kwance a baya, don Kawu ya ce ba zai bar shi shi kaɗai ba.

Mun wuce Badar kaɗan sai ga askarawa sun tare hanya. Wai 'yan tseren keke za su wuce, waɗanda sana'arsu ke nan. Ina ta duban agogo, Kawu kuwa ya sauka, ya gyara rawani, ya tsaya bakin kwalta cikin direbobi.

Can sai ga mutum ɗaya ya ɓullo kamar an harbo shi, kai a sunkuye, wando iya cinya. Bayansa wasu tari guda, sun cure wuri ɗaya, tayoyinsu na ƙugi kamar ƙudan zuma.

Kawu ya ce, "Me ya sata?"

Na ce, "Ba sata ba ce, Kawu. Shi ne na ɗaya."

"To su wa ya biyo su?"

"Ba kowa."

Ya girgiza kai. "Keke ba kariya, ba ƙararrawa, taya kamar tsinken sakace. Ga mutane tsaye, ko sallama babu." Ya ƙara dubawa da kyau, ya ce, "Amma na bayan nan sun fi wayo. Sun laɓe a bayan juna, sun bar wancan wawan yana shan iska shi kaɗai."

Suka wuce, motocinsu suka bi su, askari ya buɗe hanya. Na tada mota. Kawu bai motsa ba.

"Kawu, la'asar!"

"Akwai saura. Dubi can."

Can nesa, cikin zafin rana, wani saurayi ne ke tafe shi kaɗai yana tangaɗi. Daidai gabanmu sarƙarsa ta zame ta maƙale. Ya sauka, ya ja, ya ja, ta ƙi. Sai ya jefar da keken, ya zauna a kwalta, ya rufe fuska da hannu.

Kafin in ankara Kawu ya zaro sifana daga jakar kekensa ya tsallaka titi. Askari ya daka masa tsawa, "Mamnu', ya Hajji!" wato an hana.

Kawu bai ko waiga ba. Ya ce, "Musa, gaya masa in ya iya gyaran sarƙa ya zo, in bai iya ba ya riƙe mini rawani."

Ban fassara ba, amma wallahi askarin nan ya riƙe rawani.

Cikin ɗan lokaci sarƙa ta hau. Kawu ya ba saurayin ruwa, ya cusa masa dabino uku a baki. Saurayin ya ce da Larabci an gama, kowa ya wuce shi, gara ya haƙura. Kawu ya ce masa da nasa gurɓataccen Larabcin, "Ni shekara bakwai na yi kafin in iso Madina, kuma ba a ce in koma ba. Hau."

Ya hau. Sai ga Kawu, da farar rigar ɗaurin aure, ya dafa sirdi yana turawa da gudu, takalmi ɗaya ya cire, yana ihu, "Yalla! Yi sauri, ɗan nan, yi sauri!" Direbobi suka ɗauki tafi. Da ya dawo yana haki na ce, "Kawu, yau kai ke cewa a yi sauri?"

Ya ce, "Shi ai an riga shi."

Sai gab da magariba muka shiga Yanbu. Malam Ilyasu na tsaye a ƙofar gida, fuska a murtuke, rabin mutane sun watse. Kawu ya miƙa masa hannu baƙi ƙirin da man sarƙa, ya ce, "Malam, na tsaya taimakon ɗan wani ne a hanya. Irin dangin da za ka ba 'yarka ke nan. In ba ka so, mu koma."

Malam Ilyasu ya dubi hannun, ya dubi rigar, ya sa aka kawo sabulu da buta. Aka ɗaura.

Ba mu taɓa sanin sunan saurayin nan ba. A ciwon Kawu na ƙarshe ina zaune gefen gadonsa, na zaci barci yake, sai ya buɗe ido ya ce, "Musa, ko yaron nan ya isa?"

Na ce, "Ya isa, Kawu."

Ya ce, "Madalla."

Bayan kwana biyu muka kai shi maƙabartar Baƙi'a. Allah ya jiƙan Kawu Haruna, ya yafe masa, ya haskaka makwancinsa. Yadda ya tsaya wa ɗan tseren nan na ƙarshe, Allah ya sa Manzon da ya yi maƙwabtaka da shi ya tsaya masa.