Ƙwanson da Dona Valdirene Ta Ware

Dona Valdirene a kan laka ta ƙarar da idanunta, lakar da jirgin bincike ke haƙowa daga ƙasan teku ya kawo mana ɗakin gwaji a birnin Niteroi. Ta wanke, ta tace, ta duƙa kan madubin ƙara girma da ɗan jiƙaƙƙen buroshi, tana tsince ƙwanson ƙananan halittun da suka mutu tun ba a yi mutum ba, kowanne bai kai ƙwayar gishiri ba. Ni Jurandir, aikina in niƙe abin da ta tsinta, in narkar, na'ura ta faɗi yadda sanyin ruwan ƙasan teku yake a wancan zamani. Shi ya sa take kirana mahauci.

Abin da ke ci mata rai shi ne mijinta, Seu Adalto, masunci. Kullum suka zauna cin shinkafa da wake sai ya ce, "To uwar laka, yau me kika kamo? Ni dai ga kifina a faranti." Ba ta da abin nunawa, don ban taɓa bar mata ko ɗaya ba.

Da hannunta ya fara rawa, likita ya ce ta ajiye aiki, sai ta ware ƙwanso ɗaya daga laka mafi tsufa da muke da ita, fari tas, ba ko tsaga. Ta ce ranar sallamarta daga aiki za ta kawo Adalto, ta danna kansa kan madubi ya gani da idonsa.

Sai na zo auna sauran ƙwanson da ta tsinta daga tsohuwar lakar, nauyi ya gaza da kaɗan. Lakar wancan zamanin ta ƙare, jirgi ba zai koma ba, na'ura kuma ba ta karɓar abin da bai kai nauyi ba. Takaici kamar ya kashe ni, amma na je wurinta.

"Dona, wancan ɗin da kika ware..."

"Kai mahauci, ko kunya ba ka ji? Ɗaya tak!"

"In babu shi, duk sauran da kika tsinta sun tafi a banza."

Ta ja tsaki, ta ɗauki buroshi. Hannun ya ƙi tsayawa, sai da na riƙe mata wuyan hannu sannan ta sa shi cikin 'yan'uwansa. Na niƙe.

Ranar sallama Adalto ya zo cikin rigarsa ta zuwa coci. Na nuna masa sakamakon a allon kwamfuta, ɗigo ɗaya baƙi, na ce aikin matarsa ke nan. Ya sa tabarau, ya leƙa, sai ya kai babban yatsa yana gogewa. Ya zaci datti ne.