Ranar da Na Yi wa Jar Mota Kuɗi

Shekara shida na yi a wani gareji a Sanaiya, unguwar masana'antu a wata ƙasar Larabawa, inda ba a taɓa komai sai tsofaffin motocin Amurka, masu faɗin ƙirji, waɗanda in injinsu ya yi gurnani sai ka ji shi a haƙarƙarinka. Da takardar bakanike na zo daga Kaduna, amma abin da na fi ƙwarewa a kai shi ne in duba mota in faɗi abin da ta kai.

A cikin irin waɗannan motoci akwai 'yan ƙalilan da kamfani ya ƙera don tsere kawai, tun kafin a haife ni. Ba rediyo, ba hitar ɗumama ciki, ba kujerar baya. Gilashinsu siriri, batir a but, an zubar da duk abin da zai ƙara nauyi. Ta gaske guda ɗaya sai ta sayi gida. 'Yar'uwarta ta kasuwa kuwa, duk da kamar da suke yi, ba ta ko kama ƙafarta.

Manajan garejin, wanda muke kira mudir, shi ke karɓar rahotona ya sa hannunsa a kai. Wannan bai taɓa damuna ba. Gab da korona aka sauke wata jar mota daga kwantena, ta kasuwa, mai lafiya. Mudir ya ce in cire hita da rediyo in toshe ramukan da walda. Na yi, a zatona mai ita ne ke son ta yi sauƙi. Sai ranar da ya miƙo mini wani ɗan fallen ƙarfe mai lambar shaidar mota, ya ce in cire na asali in kafa wannan.

Na ce, "Mudir, wannan kam ba da ni ba."

Ya mayar da abinsa aljihu.

Sai aka rufe Sanaiya saboda korona. Muka yi makonni mu takwas a ɗaki ɗaya, ba shiga ba fita. Ranar da muka koma aiki, mudir ya gaya wa kafil ɗinmu, wato mai garejin da bizarmu ke hannunsa, cewa kafireta biyu sun ɓace daga sito tun kafin kulle, kuma ni ke riƙe da makulli. Aka zazzage jakata a tsakiyar gareji, kowa na tsaye da takunkumi a fuska. Ba a samu komai ba, amma aka ce khalas, magana ta ƙare, in tafi. Duk garejin da na nufa bayan nan, labarin ya riga ni zuwa. Ban gaya wa matata dalili ba sai da aka shekara.

Da ƙyar na samu tuƙi a gidan wani dattijo a unguwar Aziziya. Yana da tsofaffin motoci biyar a rumfa. Wata rana na ji ɗaya na tari, na gaya masa abin da ke damunta ba tare da na buɗe bonet ba. Daga nan ya san abin da na iya.

Lokacin gasar cin kofin duniya gidan ya cika da baƙi. Cikinsu akwai wani amininsa da ya zo kallon ƙwallo, ya ji labarin wata motar tsere ta gaske da ake sayarwa. Dattijon ya nuna mini hotonta a waya, ya ce gobe za a kawo ta, in duba. Kallo ɗaya na yi mata na gane ta.

Da na so, a nan take zan gaya masa, a fasa cinikin shiru, kowa ya huta. Ban so ba. Na ce, "To, Baba, Allah ya kai mu."

Bayan la'asar aka sauke ta a tsakar gida. Mudir ya fito daga tasa motar cikin farar riga, riƙe da fayil. Da ya hango ni sai da ya ɗan tsaya, sannan ya wuce kamar bai san ni ba. Mutanen majalisar dattijon suka fito da kofunan gahawa a hannu. Na ƙyale mudir ya zuba: yadda aka same ta a rumbun wani manomi, yadda ba a taɓa mata komai ba sai fenti. Baƙon sai shafa ta yake.

Na ce, "Mudir, kai da kanka ka duba ta?"

"Da hannuna."

"Haka ta fito daga kamfani, ba hita?"

Ya rantse, da ƙarfi, kowa ya ji.

Sai na ɗauko tocila, na roƙi baƙon ya durƙusa. Na haska masa ƙarƙashin dashbod, inda ramukan hita suke a toshe a bayan sabon fenti. Na sauke gilashin ƙofa rabi, na ce ya kama da yatsu biyu ya ji kaurinsa. Na nuna masa kusoshin da ke riƙe da fallen lambar, masu ƙyalli, irin na shagunan Sanaiya. Lambar jikin injin kuma an goge ta an sake bugawa, ɗaya harafin ma a karkace.

Baƙon ya ɗago. "Ya aka yi ka san inda za ka haska?"

Na ce, "Ni na yi waldar. Lambar ce na ƙi kafawa, aka kore ni da sunan sata."

Mudir ya matso kusa da ni, murya ƙasa ƙasa. "Ɗan'uwa, ina da yara."

"Ni ma ina da su, uku."

Baƙon ya tambaye ni, to nawa ta kai. Na faɗa masa gaskiya: mota ce mai kyau, injinta lafiya lau, amma kuɗinta na ta kasuwa ne, a kuma rage na ɓarnar da aka yi mata. Dattijon bai ɗaga murya ba. Waya kawai ya ɗauko ya kira mai garejin, ya sa ta a sifika.

Kafin a buga wasan ƙarshe an sallami mudir. Mai garejin ya aiko in koma. Na ce ba zan koma ba, amma ina so ya tara ma'aikata ya faɗa musu ban saci komai ba. Ya tara su. Na je na tsaya na ji da kunnena, na juya na tafi.

Wani likita ɗan Katsina da muke haɗuwa a masallacin unguwar Matar Ƙadim ya ce da ni, "Malam, ai da ka rufa masa asiri ka gaya wa maigidanka a keɓe." Na ce masa na yi wannan tunanin tun daga ganin hoton har zuwa la'asar, kuma na zaɓi abin da na zaɓa. Ya ce in yafe. Na ce ya ci gaba da yi mini addu'a, don har yanzu ban kai nan ba.