Fim Ɗin da Ya Fito da Tsagar Inna

Ranar Asabar ta biyu bayan ƙaramar Sallah, a shekarar da gulbi ya cika ya kwantar mana da rabin shinkafar fadama, Mai Hoto ya shigo gidanmu da hantsi bisa izinin Baba. Ya jingine kekensa a jikin rumbun gero, ya kifa turmi, ya shimfiɗa ƙyalle a kai, sannan ya jera ƙananan kwalayen fim uku: guda rawaya, guda kore, guda fari mai baƙin rubutu. An yi ruwa da asuba, tsakar gida na ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, kaji na tono a gindin randa. Duk matan gidan sun fito cikin kayan Sallah sun kewaye turmin kamar an kawo sabon jariri. Ni ina da shekara goma ko kusa da haka, ina tsaye a bakin madafi da muciya a hannu, kuma tun kafin mutumin ya buɗe baki na san kwalin da ya kamata a ɗauka. Ba wanda ya tambaye ni, ba kuma wanda yake da niyyar tambayata.

Ba don ado aka kira shi ba. Mahaifin Inna, wanda muke ce wa Baffa ko da yake ba mu taɓa ganinsa ba, mutumin wajen Anka ne. Ya tafi Makka a ƙafa tun Inna na da shekara bakwai, ya isa, ya zauna can yana ɗinkin hula, bai dawo ba. Ana cikin haka wani matafiyi ya kai masa labarin cewa ƙyanda ta kashe ɗiyarsa. Gaskiya ne ƙyanda ta yi kisa a gidan, amma ƙanwar Inna ta ɗauka, mai kai labari ya rikita su. Shekarar da ta gabaci wannan, maƙwabcinmu Alhaji Barmo mai sayar da shinkafa ya je aikin hajji, Allah ya haɗa shi da tsohon, ya gaya masa ɗiyarsa na nan da ranta a ƙasar Gummi, har da 'ya'ya biyar. Baffa bai yarda ba. Alhaji ya ce tsohon ko ɗaga kai bai yi daga ɗinkinsa ba, cewa kawai ya yi, "Shekara ashirin ina yi mata addu'ar mamata. In tana raye, a kawo min fuskarta in gani." To ga shi Alhaji zai koma bana don ya raka mahaifiyarsa. Tsohon ya tsufa ƙwarai. In hoton ya je bai gane ta ba, ba lallai a sami wata damar ba, zai mutu yana ɗaukar Inna a cikin matattu.

Ni ba a sa ni boko ba, kasuwa ce ta koya min kallo. Duk ranar kasuwar Gummi nakan ɗauki dafaffiyar gyaɗar Inna a kai, mu bi hanyar fadama da sauran 'yan mata, mu tattare zane mu ratsa ruwa inda ya yanke hanya. Wurin zamana yana daf da rumfar Mai Hoto. In ciniki ya lafa, ƙawayena sukan koma bayan rumfar mahauta su yi carafke da tsakuwa, ko su kafa gaɗa har a kore su. Ni kuwa sai in tsaya gaban allon da ya manna hotunan mutane, in yi ta dubawa har ƙuda su gama da gyaɗata. Da yawan tsayuwa na gane hotunan iri uku ne, kowane iri da kwalin fim ɗinsa, kuma da abin da yake so. Na kwalin rawaya yana son ja. Lalle a hannun mace yakan fito kamar yanzu aka kwance shi, atamfa ta yi ta ƙyalli, amma fuskar baƙin mutum sai ta koma kamar an shafa mata manja, sumul, ba ka rarrabe komai. Na kwalin kore yana son ciyawa da ruwa. Akwai hoton wani manomi a tsakiyar shinkafarsa, gonar ta yi kyau har ka ji kamar ka shiga, shi kuwa mai gonar fuskarsa ta yi duhu, idanu kawai da haƙora. Na farin kwali, wato baƙi da fari, bai damu da tufafin kowa ba, fuska yake bi. Akwai wani masunci, Mamman, da ke kawo busasshen kifi kusa da ni, fuskarsa cike da tsaga tun daga gefen baki har kunne. Hotonsa biyu ne a allon. A mai kala, da ba don hularsa ba da ban ce shi ba ne. A baƙi da fari kuwa ina iya ƙirga tsagarsa guda guda da ɗan yatsa, har Mai Hoto ya taɓa buge min hannu don na ɓata masa gilashi.

Inna ma tana da tsaga, irin ta gidansu, sirara a kumatu biyu, waɗanda wanzami ya yi mata tun tana jaririya. Shekaru sun sa sun kwanta, sai ka matso kake ganinsu. Na yi ta tunani kwana da kwanaki ina surfe, ina ɗebo ruwa, ina kai wa Baba fura gona. Yarinya 'yar shekara bakwai ta zama uwar 'ya'ya biyar. Tsawonta ya sauya, jikinta ya sauya, murya kuma ba ta shiga hoto. Me ya rage wanda tsohon ya sani? Abin da aska ta bari kawai.

Da Mai Hoto ya gama jera kwalayensa sai ya yi bayani. Kyamararsa guda ce, in ya saka fim a ciki ba ya buɗe ta sai fim ɗin ya ƙare, in ba haka ba haske ya ƙone komai. Ke nan wanda aka zaɓa wa Inna, shi za a ɗauki kowa da shi. A nan rigima ta tashi. Goggo Kulu, yayar Baba, ta kwana biyu tana shiri. Ta ɗaura jar atamfa mai zanen ganye wadda ba a taɓa wankewa ba, ta sha lalle har gwiwar hannu, ta sa an yi mata sabon kitso. Ita ce kuma ta zaunar da Inna ta shafe mata fuska da hoda har ta yi fari fat, wai kada a ce a Makka ɗan'uwanta bai iya riƙon mace ba. Ta sa yatsa a kan kwalin rawaya ta ce, "Wanga za a saka. Hoton da za shi gaban Ka'aba a kai shi awa gawayi? Ba da ni ba." Sauran matan suka goya mata baya. Baba ma ya fara gyaɗa kai, don shi bai cika son jayayya da yayarsa ba.

Ban san sadda na ajiye muciya ba. Na ce, "Baba, mai kala ba ya hidda tsaga." Goggo ta juyo ta sakar min ranƙwashi a tsakar kai, wanda har yau in na tuna sai na taɓa wurin. "Ke wa yas sa bakinki? Ɗiya ƙarama da idanu awa na tsohuwar mayya! Koma ga tuwonki." Ban koma ba, ban kuma yi kuka ba. Na sake faɗa, na kawo zancen Mamman masunci da hotunansa biyu. Baba ya dubi Mai Hoto. Mutumin ya sosa ƙeya, ya yi 'yar dariya, ya ce, "Maigida, wagga ɗiya ta hi wata shida tana tsare min allo, ta hana masu saye gani. Amma ba ta yi ƙarya ba. In tufafi kuka so, ga rawaya. In gona kuka so, ga kore. In mutum kuka so a gane, to sai wancan." Goggo ta ce ai shi mai hoto ne, ba mai raba gardamar gidan mutane ba. Ana haka Inna ta yi magana kanta a sunkuye, a hankali, kamar da ƙasa take yi. Ta ce, "Yaya, Baffa bai san atamfa ba. Ni yas sani." Ta tashi ta je gindin randa, ta ɗebi ruwa a moɗa, ta wanke hodar nan tas.

Ɗaukar hoton ma sai da aka sha fama. Mai Hoto ya ƙi tsakiyar rana, ya ce in haske ya faɗo daga sama ko daga gaba, tsaga takan ɓace ko da a baƙi da fari ne. Ya zaunar da Inna a kujera 'yar tsugune kusa da katangar zaure, inda hantsi ke shigowa ta gefe guda, ya sa ta goge maiƙon da ke goshinta, ta ja mayafi baya har kunnuwa su fito. Sai kunya ta hana ta ɗaga kai. Matar aure ba ta ƙura wa baƙon namiji ido, kuma duk sadda ya ce ta dubi kyamara sai haɓarta ta koma ƙirji. Baba ya zo ya tsaya kusa da shi ya ce to shi ta duba. Wannan ya fi muni, don a gaban yayar miji da yara ba ta duban Baba ko da wasa, sai ta rufe fuska da hannu biyu, mata suka fashe da dariya. Daga ƙarshe Mai Hoto ya ce, "To ki dubi mai bakin nan taki." Ina tsaye can baya inda Goggo ta tura ni. Inna ta ɗago ta dube ni, irin duban da take min in na fasa tulu ko na tsoma baki a zancen manya, ido a tsaye, baki a rufe. A daidai nan na ji ƙarar kyamara. Aka ɗauki sauran jama'a da abin da ya rage. Goggo ta tsaya dai, amma ta juya wa kowa kafaɗa.

Bayan kasuwa biyu Mai Hoto ya kawo hotunan, don baƙi da fari shi yake wanke abinsa a wani ɗaki mai duhu a bayan gidansa, ba sai ya aika birni ba. Jar atamfar Goggo ta fito toka toka, lallenta ya zama baƙi kamar ta tsoma hannu a tukunya. Ba ta ƙara amsa gaisuwata ba sai da aka yi girbi. Na Inna kuwa, babu mai cewa ta yi kyau a ciki. Ta yi kama da mai shirin faɗa. Amma kowace tsaga ta tashi da 'yar inuwarta a gefe. Aka naɗe shi a farin ƙyalle, aka ba Alhaji Barmo, ya sa a aljihun ƙirji. Daga nan sai jira. Na yi watannin nan a fadama ina korar tsuntsaye daga abin da ruwa ya bar mana, ina kaɗa gwangwani ina ihu tun fitowar rana har la'asar. A bakin rijiya mata na ta cewa an bar yarinya ta ja gida ga abin kunya, an aika wa mutum hoton ɗiyarsa tana harara ba ko kala. Ni dai sai in ɗebi ruwana in wuce. Na san abin da na gani a allon nan.

Alhaji ya dawo ana casar shinkafa. Sai da ya kwana biyu yana karɓar masu barka da zuwa kafin ya shigo zaurenmu, Inna ta durƙusa a bayan ƙofa, mu yara muka cika bakin zaure. Ya ce tsohon ya karɓi hoton ya fita da shi waje inda haske yake, ya kawo shi daf da ido. Sannan ya sa yatsa a kumatun dama yana bi yana ƙirgawa, ya koma na hagu, ya tsaya a kan ta uku. Ya ce wa Alhaji, "Ka ga wagga da ta karkace daga ƙasa? Ni nar riƙe ta ranar suna. Ta yi atishawa, hannun wanzami ya goce." Sai ya zauna a ƙasa nan inda yake, ya ce, "Uwata ce. Wallahi uwata ce." Sunan mahaifiyarsa Inna ta ci, shi ya sa bai taɓa kiranta da sunanta ba. Baffa ya ce har hararar ma ta tsohuwarsa ce. Inna ba ta yi kuka a gabanmu ba. Ta tashi ta shiga ɗaki ta saki labule, tuwon ranar Goggo ce ta tuƙa shi ba tare da an roƙe ta ba. Da Inna ta fito da la'asar na tsaya na dubi kumatunta na hagu da kyau. Ta uku ta karkace kuwa. Ni mai ido, ni da nake ƙirga tsagar masunci a kasuwa, shekara goma ina kwana a jikinta ban lura ba. Baffa ya rayu shekara biyu bayan haka, kuma duk mahajjacin da ya dawo daga wajenmu sai ya zo wa Inna da saƙonsa.

Yanzu jikokina ba su san fim ba. Waya ce a hannun kowa, su ɗauki hoto ashirin kafin ruwa ya tafasa, su goge sha tara. Ba a kuma yi wa yara tsaga, ban ce a dawo da ita ba, zamani ya wuce da abinsa. Amma kwanan baya jikata ta ɗauke ni, ta latsa wani abu, ta miƙo min tana murna. Na ga wata farar mata mai santsin fuska sanye da ɗankwalina. Na ce ta mayar min da tsufana yadda ta same shi ko ta goge. Ta ce ai kowa haka yake yi, Kaka, don a yi kyau. Na dube ta, na dubi sauran da ke cikin wayar, ƙawayenta duk fuska guda kamar uwa ɗaya ta haife su. In ɗayarsu ta yi nisa da gida shekara ashirin, ban san da me za a gane ta ba.