Majayin Sirdin Sodnom

A kwarinmu na Tamir, a tsakiyar Mongoliya, duk wanda doki ya kayar wurin Yanjin ake kai shi. Maɗoriya ce, gadon kakarta. Takan zagaya kan mutum da zare, ta gwada dama da hagu, inda ya fi tsawo ta ce nan ƙwaƙwalwa ta gusa. Daga nan sai murza har mutum ya kira uwarsa, don hannun nan nata kamar awartaki yake. In ta gama ta ɗaure kan tamau, ta miƙo shayi mai gishiri.

A daminar da ta cika sittin da ɗaya, tana tatsar goɗiya, mijinta Sodnom yana riƙe mata duƙushin. Ya sunkuya zai warware igiya, wata goɗiyar ta harbe shi a gefen kai na hagu. Ya zauna daɓas, jini na zuba, yana zagin goɗiyar har kakanninta.

"Tsohuwa, ɗauko zaren naki mana," in ji shi. "Ko baƙi kaɗai kike yi wa?"

Ta ɗora yatsu biyu a wurin, ta ji ƙashin ya lotsa kamar gwangwanin da aka taka. Ta janye hannu.

"Wannan ba na zare ba ne. A kawo mota."

Maƙwabta suka yi ta cewa ta ɗan murza ko yaya, ta ƙi sam. Aka kai shi asibitin lardi, daga can aka wuce da shi Ulan Bator, aka yi masa aiki. Likita ya ɗago ƙashin, ya tsince ɓarɓashinsa da gashi da ƙasa, ya ɗinke fatar da ke lulluɓe da ƙwaƙwalwa. Ya gaya wa Yanjin yawancin waɗanda aka kawo da wuri suna tashi, shi ma zai tashi. Zai sha maganin farfaɗiya, kuma ba shi ba doki sai an yi watanni. Hannun dama ne dai, wanda ya saki tun a hanya, ya ce ba zai yi alkawari a kai ba.

'Yarsu Udwal, wadda ke zaune a birnin a bene hawa na tara, ba ta ɓoye ra'ayinta ba.

"Inna, ku rabu da dabbobin nan ku dawo wurina. Wanda ba ya iya ɗaura sirdi ba ya hunturu a daji, ke ma kin sani."

Ta sani ɗin. Amma Yanjin tana tsoron hawa na tara fiye da kowane hunturu, ta kuma san wata uku ya isa ya kashe Sodnom a can. Ta ce wa Udwal ta zo kafin a yi ƙaura zuwa masaukin sanyi. In bai ɗaura sirdi shi kaɗai ba, za su bi ta.

Suka koma gida. Kullum da safe tana murza masa hannun tun daga kafaɗa, yana ƙorafin gara harbin goɗiya. Ya fara riƙe cokali, sai kofi, sai maɓallin riga, wanda ya ci masa mako uku. Magana kam ba abin da ya same ta, Yanjin ta ce da likita ya rage kaɗan da ya taimake ta.

Ranar da ƙanƙara ta fara sauka a kan duwatsu, Udwal ta iso. Sodnom ya kama dokinsa, ya ɗora sirdi, ya kamo majayin da ke zagaya cikin dokin ya ja. Ya kuɓuce. Ya sake ja, gumi na tsattsafo masa a wannan sanyi, a na uku ya maƙala shi.

"Kun gani? Wa za a kai bene?"

Ya shiga tantin da suke zaune ɗauko hularsa. Udwal ta juya tana sauke tsaraba daga mota. Yanjin ta matsa ta zura hannu ƙarƙashin majayin, hannun ya shige gaba ɗaya. A gangaren farko sirdin nan zai juye, kuma kan da aka ɗinke sau ɗaya ba zai jure na biyu ba. Ta dubi bayan 'yarta, ta dubi ƙofar tanti. Sai ta tokare gwiwa, ta ja majayin, ta ƙara huji biyu.

Ya fito ya hau, ya zagaya garke a hankali, ya dawo yana hura hanci.

"Inna, me kika ce?"

"Ai kin gani da idonki. Shigo ki sha shayi."

Tun daga ranar, duk safiyar da ya ɗaura sirdi sai ta aike shi tanti ya ɗauko wani abu, yau safar hannu, gobe kwalbar garin tabarsa. Shekara huɗu ke nan. Bai taɓa tambayarta dalili ba, bai kuma taɓa hawa ba sai ya je ya dawo.