Jar Takardar Baffa Loi

Shekara arba'in da ɗaya ke nan rabona da ƙauyenmu a Hong Kong, kuma a tsawon zamana na Liverpool babu labarin da ya kashe min jiki kamar na safiyar Talata, tara ga Janairu. Ina kicin ɗin gidan abinci ina rataye gasassun agwagi, 'yarka Doreen ta buga waya ta ce ka cika, kana da shekara tamanin da tara.

Baffa Tsang Loi, mutane sun san ka da wankin kaya a jirgin ruwa, daga baya kuma da gadin gidan ƙungiyar matuƙan jirgin ruwa 'yan China. Kaɗan ne suka taɓa hawa ɗakin sama, inda allunan suke. Alluna ɗari biyu da sha huɗu na katako, kowanne da sunan mutum da na ƙauyensu. Na mamaci a buɗe yake. Wanda yake raye kuwa, ya kama wa kansa wuri tun da sauran numfashi, ana rufe sunansa da jar takarda, kuma ba a ɓare ta sai ranar da iyalinsa suka zo da labari.

Kullum da safe kakan hau, ka kunna turare, ka zuba shayi, ka kira sunayen ɗaya bayan ɗaya. Ko a tsakiyar zafi, da rana tsaka, ɗakin nan sanyi gare shi da warin teku. Wani lokaci sai ka kira suna, ka karkata kai kamar mai sauraro, sannan ka ce, "To, na ji." Na taɓa tambayarka da wa kake. Ka ce, "Da Fung mai hura wutar injin jirgi. Tun yana raye ba ya barin mutum ya gama magana."

Akwai layi guda na waɗanda hukuma ta kwashe bayan Yaƙin Duniya na Biyu, aka loda a jirgi aka fitar da su daga ƙasar, matansu da 'ya'yansu ba su sake jin ɗuriyarsu ba. Ka ƙi ɓare takardunsu. Na ce, "Haba Baffa, wannan da yana nan ai ya haura ɗari da ashirin." Ka ce, "Kai ɗan ƙauye, kai ka wanke gawarsa? In ba kai ba ne, miƙo min manne."

Akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, yau zan faɗa. Wata shekara muna sharar Sabuwar Shekara, na ga takardar Pang mai aski ta koɗe. Na ɓare ta da nufin in manna sabuwa bayan na ci abinci. Aka kira ni kicin, na manta. Kwana uku sunansa yana buɗe a cikin matattu. Ranar Alhamis da azahar aka tarar da shi zaune a kujerar shagonsa, almakashi a hannu, jikinsa ya yi sanyi.

Na rugo ɗakin sama na same ka kana shafa manne. Sabuwa ka liƙa, don matarsa in ta zo ta sami abin ɓarewa da hannunta. Ba ka ko dube ni ba. Ka ce, "Wing-hei, taba da kitse ne suka kashe Pang. Je ka wanke hannunka." Shekara talatin da biyu muna shan shayi tare bayan haka, ba ka sake tayar da maganar ba, ko a ranakun da muka yi faɗa. Na daɗe a duniya, ban ga mai rufa asiri irin haka ba.

Ashe shugabannin ƙungiya sun riga sun sayar da gidan, za a mai da shi ɗakunan ɗalibai. Raina ya ɓaci, har yanzu a ɓace yake. Amma in za a faɗi gaskiya, rufin yana yoyo, jikokin masu allunan sun watse, yawancinsu ko sunan kakansu ba sa iya karantawa. Kuma sun yi maka kara, sun jira ka tafi. Abin da ban yafe ba shi ne rashin faɗa mana ranar da za a kwashe kayan.

Ranar Juma'a bayan jana'izarka, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, mai shagon maganin gargajiya ya leƙo ya ce ana watso kaya ta tagar ƙungiya. Na tarar da allunan a babban kwandon ƙarfe na shara, tare da karyayyun kujeru. Ruwan ya jiƙa takardun, kwatar titi tana gudu jawur. Baƙi biyu suna ɗaukar hoton babbar ƙofar ado ta unguwarmu, sun juya mana baya.

Shugaban leburorin ya ce, "Baba, lafiya? Ai katako ne." Na ce masa mutane ne. Ya dube ni, ya dubi kwatar, ya tsayar da yaransa, ya shiga kwandon da kansa yana miƙo min. Ba laifinsa ba ne, bai iya karatunmu ba. Motar shara ta farko dai ta riga ta tafi da sauran allunan.

Baffa, wasu takardun sun saɓule a hannuna, kuma a cikin masu jar takarda akwai tsofaffin da suke nan da ransu a unguwa. Ban karanta sunayen ba. Na kife su, na kai gida, na manna sababbi idona a rufe. Tun ranar, in waya ta yi ƙara sai in ɗauka labarin mutuwar ɗayansu ne.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Doreen da mijinta da 'ya'yansu, da 'yan uwanka na garin Toishan a China in takardar nan ta isa gare su. Allah ya jiƙanka, ya sa ka huta, ya saka maka da irin suturar da ka yi wa mutane. Kakanni su karɓe ka hannu biyu. Mu da muka rage, Allah ya ba mu masu kiran sunanmu.

Cikin ɗari biyu da sha huɗu, saba'in da ɗaya na tsira da su. Hamsin da takwas na matattu ne, huɗu sun tsage. Goma sha uku masu jar takarda. Sai butar shayi ɗaya da kofuna shida.